Madara da Ginin Tsoka: Tambayoyin da Masu Ɗaga Ƙarfe Suka Fi Yi

Duk inda matasa ke ɗaga ƙarfe, ko a gidan motsa jiki mai na'urori ne ko a bayan gida da siminti da aka ƙera a gwangwani, maganar madara ba ta ƙarewa. Wani ya ce ita ce sirrin, wani ya ce teɓa kawai take sawa, wani kuma ya sha kofi biyu ya kwana yana zarya banɗaki. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi, da alƙaluman da mutum zai iya lissafa abinsa da su.

Da gaske madara tana gina tsoka?

Tana taimakawa, amma ba ita ke ginawa ba. Tsoka tana girma ne idan an wahalar da ita da nauyi, ana ƙara nauyin sannu a hankali, sannan jiki ya samu isasshen abinci da barci. Wanda ke shan madara ba ya ɗaga komai kamar mai zuba taki ne a gonar da bai shuka ba.

Akwai binciken da ake yawan kafa hujja da shi, wanda aka yi a Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada aka buga a 2007. Samari 56 da ba su saba ɗaga ƙarfe ba aka sa suna atisaye kwana biyar a mako har mako 12. Aka raba su uku: wasu suna shan madarar da aka cire wa kitse bayan atisaye, wasu madarar waken suya, wasu kuma ruwan da ke da kuzari daidai da na sauran amma babu furotin a ciki. Rabin lita suke sha da gamawa, su ƙara rabin lita bayan awa ɗaya. A ƙarshe masu madara sun ƙara kimanin kilo 3.9 na naman jiki wanda ba kitse ba, masu waken suya 2.8, na ukun kuma 2.4.

A duba alƙaluman da kyau. Madara ce ta yi gaba, babu musu. Amma waɗanda ba su sha furotin ko ɗigo bayan atisaye ba su ma sun ƙara kilo 2.4. Ƙarfe ne ya yi mafi yawan aikin, madara ta ɗora a kai. Kuma masana'antar madara na cikin waɗanda suka ba da kuɗin binciken. Wannan bai rushe sakamakon ba, sai dai yana da kyau a sani.

Me ke cikin kofi ɗaya?

Kofi mai cin mililita 240 zuwa 250 na madarar shanu da ba a cire mata komai ba yana da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) kusan 150, furotin gram 8, kitse gram 8, da sukarin madara, wanda ake kira laktos, gram 12. Lita ɗaya kenan ta haura kalori 600 kaɗan, da furotin gram 32 zuwa 34. Ƙwai ɗaya yana da furotin kusan gram 6, don haka lita ɗaya ta kai ƙwai biyar da ɗoriya.

Furotin ɗin madara kashi biyu ne. Kusan kashi 80 cikin 100 kasin ne, shi ne wanda ke daskarewa idan nono ya kama, kuma a hankali ciki ke narkar da shi. Sauran kashi 20 ɗin shi ne wei, wanda ke cikin ruwan da ke tsatsowa a saman kindirmo. Shi da sauri yake shiga jini, kuma yana da yawan wani sinadari mai suna liyusin da ke tayar da aikin gina tsoka. Ruwan nan da wasu ke tsiyayewa su zubar, a daina zubar da shi. A juya shi ya koma ciki.

Furotin nawa nake buƙata a rana, kuma madara nawa zan sha?

Wannan ita ce tambayar da ta kamata a fara da ita, domin amsarta ce ke nuna ko mutum yana buƙatar madarar ma.

Wanda ba ya atisaye, gram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa ya ishe shi. Mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar kusan ninki biyu. A 2018 wasu masana suka tattara bincike 49 da suka ƙunshi mutum fiye da 1,800, suka ga amfanin ƙarin furotin yana tsayawa ne a wajen gram 1.6 a kan kowane kilo a rana. Wasu suna kaiwa 2.2 don kada su yi ƙasa, amma daga nan abin da aka ƙara ba tsoka yake zama ba.

Mu ɗauki saurayi mai kilo 60. Buƙatarsa gram 96 ce a rana. A ce da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake da mai da yaji, da dare tuwo da miyar kuka da yankan nama ɗaya ko biyu. Wannan cin, gwargwadon girman kwanon, zai iya ba shi gram 55 zuwa 70. Giɓin da ya rage gram 26 ne zuwa 41, wanda lita ɗaya ta madara za ta kusa cikewa, ko kuma rabin lita da ƙwai uku. Nan ne gurbin madara: cike giɓi. Wanda yake samun nama da kifi da ƙwai a wadace, ƙila kofi ɗaya ma ya ishe shi, ko kuma babu ko ɗaya.

Ta ɓangaren kalori kuwa, mai son ƙara nauyi yana buƙatar ya ci fiye da abin da jikinsa ke ƙonewa da kamar kalori 300 zuwa 500 a rana. Rabin lita, wato kusan cikin ledar ruwan fiya-wata ɗaya, ya ba da 300. Abin da ya sa madara ta yi wa sirara daɗi shi ne sha ake yi ba taunawa ba. Mutumin da ya ƙoshi da tuwo ba zai iya ƙara malmala ba, amma zai iya kurɓe kofin madara. Sharaɗin kawai shi ne ta zama ƙari a kan abinci. Idan ka sha madara ta hana ka cin abincin rana, babu abin da ka ƙaru da shi.

Na ji Turawa suna shan galan guda a rana. In gwada?

A'a. Tsari ne da ya yi suna a Amurka, ana ce masa GOMAD, wato galan ɗin madara guda a rana, kuma tushensa tsoho ne: tun shekarun 1930 masu ɗaga ƙarfe a can suke haɗa tsugunno da nauyi a kafaɗa da shan madara mai yawa. Daga baya wani mai horaswa ɗan Texas, Mark Rippetoe, ya ƙara yaɗa shi, shi ma ga samari ramammu masu fara atisaye ya yi nufi, na ɗan lokaci.

Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne. A ciki akwai kalori kusan 2,400, furotin wajen gram 125, kitse shi ma wajen haka, da laktos kusan gram 190. Wannan fa ban da abincin da mutum zai ci. Kalsiyam ɗin da ke ciki ya haura miligram 4,000, alhali iyakar da hukumomin lafiya na Amurka suka sa wa baligi mai shekara 19 zuwa 50 ita ce 2,500 a rana.

Nauyi zai ƙaru, wannan tabbas ne. Amma jiki yana da iyakar tsokar da zai iya ginawa. Ko sabon shiga da komai ya tafi masa daidai, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a wata abin godiya ne. Abin da ya wuce wannan kitse ne da ruwa. Sannan ga kuɗi: don a haɗa lita 3.8 da madarar gari sai an narka kusan rabin kilo kullum. Kuɗin da za a kashe a kan wannan, da an raba shi tsakanin ƙwai da wake da kifi da an fi cin riba.

Da na sha madara cikina yake ƙugi, wani lokaci har gudawa. Me ke faruwa?

Ba cuta ba ce, kuma ba kai kaɗai ba ne. Ƙaramin hanji yana fitar da wani sinadarin narkarwa mai suna laktes, wanda ke farfasa laktos. Kowane jariri yana da shi a wadace, amma bayan yaye yana raguwa a jikin yawancin 'yan Adam, kusan biyu cikin uku na manyan duniya. Laktos ɗin da bai narke ba sai ya wuce babban hanji, ya jawo ruwa, ƙananan ƙwayoyin halittar da ke zaune a can su cinye shi su fitar da iska. Kumburi da tusa da murɗawa da gudawa daga nan suke.

Al'ummun da suka daɗe suna kiwo da shan ɗanyen nono su ne suka gaji riƙe wannan sinadari har tsufa: mutanen arewacin Turai, da wasu Larabawa, da makiyayan gabashin Afirka, da Fulani da Buzaye. A farkon shekarun 1970 wani likita Ba'amurke, Norman Kretchmer, da abokan aikinsa sun gwada wannan a Najeriya. Suka ga mafi yawan Fulanin daji suna narkar da laktos lafiya, kusan duk Yarabawa da Inyamuran da aka gwada ba sa iyawa, Hausawan gari kuma mafi yawansu ba sa iyawa. Don haka idan abokinka yana shanye lita ya tafi harkarsa kai kuma kofi biyu sun kwantar da kai, gado ne, ba ragwanta ba.

Abin yi yana da sauƙi. Yawancin masu wannan matsala suna iya ɗaukar gram 12 na laktos a zama ɗaya, wato kofi guda, ba tare da wata damuwa ba, musamman idan da abinci aka sha. A raba: rabin kofi ko kofi da safe, wani da rana, wani da dare. Kada a sha a cikin da babu komai. A fara da kaɗan a riƙa ƙarawa cikin makonni, domin ƙwayoyin hanji suna sabawa. Idan duk da haka bai yi ba, a koma kan nono mai tsami.

Akwai wani abu daban da bai kamata a haɗa da wannan ba. Wanda ya sha madara jikinsa ya yi borin jini, ko leɓe da fuska suka kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, wannan jikinsa ne ba ya karɓar furotin ɗin madarar kansa. Shi ba batun ragewa ba ne, dainawa zai yi ya ga likita.

To nono da kindirmo fa? Suna yin aikin madara?

Sosai ma, kuma ga yawancinmu sun fi dacewa. Tsami ba ya lalata furotin. Ƙwayoyin da ke sa nono ya kama suna cinye wani ɓangare na laktos, kuma idan suna raye lokacin da aka sha, suna taya hanji narkar da sauran. Shi ya sa mutumin da madara ke ɓata wa ciki yake shan fura da nono tun yana yaro bai taɓa jin komai ba.

Sai dai a san bambancin. Kindirmo da mansa yake, don haka ya fi kalori, shi ya fi dacewa da mai neman nauyi. Tsala kuwa an kaɗe ta an cire man shanu. Furotin ɗin yana nan, kalori ne ya ragu. Babbar matsalar ita ce ruwa. Da rani, lokacin da shanu ba su da nono, ana tsinka shi da ruwa, wani lokaci a sa garin ƙwamen kuka don ya yi kauri da tsami. Kuka ba ta da laifi, amma ba furotin ba ce. Nonon da rabinsa ruwa ne, rabin furotin ɗin ke ciki.

Fura da kindirmo kuwa, a ganina, babu wani haɗin kanti da ya fi ta ga mai ƙara nauyi. Gero yana kawo kuzari da nasa ɗan furotin, nono yana cike abin da furotin ɗin gero ya rasa. Abin da ke ɓata ta shi ne sukarin da ake antayawa. A rage shi, a jefa dabino ko a niƙa ayaba a ciki idan ana son zaƙi.

An ce ɗanyen nono daga ruga ya fi ƙarfi, dafawa tana kashe amfaninsa. Haka ne?

Ba haka ba ne. Dafawa ba ta rage furotin ko kalori ko kalsiyam ta yadda zai shafi tsoka. 'Yan bitamin kaɗan ne ke raguwa. Abin da take kashewa shi ne ƙwayoyin cuta, kuma ba ƙanana ba ne. Akwai cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai sa shanu ɓari. Idan ta kama mutum tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta maganin cizon sauro da taifot ba a dace ba. Akwai tarin fuka na shanu, da ƙwayoyin da ke sa amai da gudawa. Tsami yana rage wasu, amma ba a dogara da shi ya kashe duka.

A kamfani ana ɗumama madara zuwa digiri 72 na daƙiƙa 15. A gida a ɗora ta a wuta ta tafasa, a sauke, a rufe. Idan kindirmo ake saya, babu laifi a tambayi mai shi ko ta dafa madarar kafin ta sa ta kwana; da yawa suna dafawa.

Madarar gari da ta gwangwani fa, wacce zan saya?

Madarar gari ita ce mafi sauƙi a inda zafi ya yi yawa kuma wutar lantarki ba tabbas. Madara ce da aka busar, ba wani abu ba. Gram 100 na mai cikakken kitse yana da kalori kusan 500 da furotin gram 25 zuwa 26. Kimanin gram 130 ake narkawa a samu lita ɗaya. A nan mutane ke yaudarar kansu: a zuba ƙaramar leda ɗaya a kofin shayi a ce an sha madara. Idan ledar gram 14 ce, furotin ɗin da ke ciki bai kai gram 4 ba. Kofi na gaske yana cin gari wajen gram 30.

A riƙa juya leda ana karanta bayanta. Wasu an rubuta musu "full cream", wato da kitsenta na asali. Wasu kuma "filled", ma'ana an cire man shanun an maye gurbinsa da man tsirrai, yawanci na kwakwar manja, shi ya sa suka fi araha. Irin wannan ba haramun ba ce ga mai atisaye, amma yawan furotin ɗinta ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka layin da ya nuna furotin a gram 100 shi ne abin dubawa, ba hoton saniya ba. Akwai kuma farin garin da ake sa wa shayi da kofi don ya yi fari, wanda ake aunawa a kasuwa da sunan madara. Wannan mai ne da sitaci, kusan babu furotin.

Ta ruwa ta gwangwani, irin wadda mai shayi ke hudawa, madara ce da aka ƙone fiye da rabin ruwanta, don haka ta ninka ta shanu kauri: furotin kusan gram 7 a gram 100. Ƙaramin gwangwani zai ba da gram 10 ko 11. Amma mai kauri mai danƙo ɗin nan mai zaƙi, fiye da rabinta sukari ne. A bar ta.

Wanda madarar gari ke ɓata wa ciki yana iya mayar da ita kindirmo da kansa: a dama ta da ruwan da aka tafasa ya huce ya zama mai ɗumi, a sa cokali biyu na kindirmo mai kyau, a rufe a ajiye a wuri mai ɗumi awa shida zuwa takwas.

Mai kitse ko wadda aka cire wa kitse?

Furotin ɗinsu ɗaya ne. Siriri mai neman nauyi ya sha mai kitse. Mai teɓa da ke son tsoka ba ƙarin nauyi ba ya nemi wadda aka cire wa, kofinta kalori 80 zuwa 90 ne kawai.

Yaushe ya fi kyau a sha, kafin atisaye ko bayansa?

An daɗe ana cewa idan ba a sha cikin minti 30 da ajiye ƙarfe ba an yi asara. Binciken baya-bayan nan bai goyi bayan wannan tsananin ba. Jimillar abin da aka ci a yini ita ce babba. Abin da ya fi amfani shi ne a rarraba furotin a ci uku ko huɗu, kowanne gram 20 zuwa 40, maimakon a tara shi duka a tuwon dare.

Duk da haka bayan atisaye lokaci ne mai kyau, don madara tana mayar da ruwan da aka zubar ta gumi, kuma gwaje-gwaje sun nuna tana daɗewa a jiki fiye da ruwa zalla saboda gishirin da ke cikinta. Kafin barci ma ya yi, tunda kasin a hankali yake narkewa. Dab da atisaye ne bai dace ba. Cikin da ke cike da madara ba ya son tsugunno da nauyi.

Da azumi fa?

Nan madara ta fi nuna amfaninta, saboda lokacin cin ya taƙaita kuma ciki ba ya ɗaukar abinci mai nauyi sau uku tsakanin magariba da asuba. Kofi ɗaya da dabino a buɗa-baki, fura da kindirmo bayan tarawihi, wani kofin a sahur tare da ƙwai ko wake. A watan azumi burin ya zama riƙe abin da aka gina. A rage yawan atisaye, a bar nauyin yadda yake, a yi shi dab da shan ruwa ko bayan an ɗan ci wani abu.

Garin furotin na roba da ake sayarwa da tsada, ya fi madara?

Daga madara aka ciro shi. Wei ne, ruwan da ke ragewa idan an yi cuku, aka tace aka busar. Ludayinsa ɗaya na gram 30 yana ba da furotin wajen gram 24 da kalori kaɗan, abin da sai an sha kofi uku na madara a samu. Amfaninsa ga wanda ke son furotin ba tare da kalori ba ne, ko wanda laktos ke damunsa sosai. Siriri mai neman nauyi kuwa kalorin nan da aka cire shi yake nema. Manyan robobin da ake cewa na ƙara ƙiba ne, yawancin abin da ke ciki garin sitaci ne mai zaƙi. Madara da gyaɗa da ayaba da hatsi a injin markaɗe sun yi aikinsu. Wanda zai saya dai ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, don jabu ya yi yawa.

Maltina da madara fa, ba suna ƙara jini da jiki ba?

Kalori suke ƙarawa, mafi yawansa sukari. Jini kuwa sinadarin ƙarfe yake buƙata, madara kuma tana cikin abincin da suka fi ƙarancinsa. Mai neman jini ya nemi hanta da nama da wake da ganye.

Tunda an zo nan, a faɗi wata magana. Ƙwayoyin da ake haɗawa da madara don a yi ƙiba, irin su "sha ka fashe", da yawansu dexamethasone ne ko danginsa. Wannan magani yana kumbura fuska da ciki, yana tara ruwa, yana ɗaga sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi, sannan yana cinye tsokar hannu da ta cinya. Kishiyar abin da mai ɗaga ƙarfe ke nema kenan. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke shi rana ɗaya, wannan ma haɗari ne. Likita ne zai rage masa a hankali.

Ta yaya zan gane tsoka nake ƙarawa ba teɓa ba?

Da sikeli da awon tela da littafin atisaye. A hau sikeli da safe kafin a ci komai, sau biyu ko uku a mako. Ƙarin da ya dace shi ne kwata zuwa rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyin jiki a mako. Ga mai kilo 60, gram 150 zuwa 300 kenan. A auna ƙugu daidai cibiya duk mako biyu. Idan nauyi yana hawa, ƙarfen da ake ɗagawa yana ƙaruwa, ƙugu kuma bai motsa sosai ba, ana kan hanya. Idan wando ne kaɗai ke matsewa, a rage kofi ɗaya. Idan mako uku sun wuce sikeli bai motsa ba, a ƙara kofi ɗaya.

Mace ma za ta iya bin wannan? Ba za ta murɗe kamar namiji ba?

Za ta iya, kuma ba za ta murɗe ba, domin jikin mace ba shi da yawan sinadarin da ke sa tsokar namiji ta yi wannan girman. Masu binciken McMaster ɗin sun maimaita gwajinsu da 'yan mata a 2010, mako 12. Masu shan madara sun ƙara kimanin kilo 1.9 na naman jiki suka kuma rage kitse kilo 1.6, abin da ya fi na waɗanda suka sha ruwan zaƙi. Ga kalsiyam kuma, wanda ƙashin mace ke buƙata tun kafin girma ya zo.

Tana sa ƙurajen fuska? Tana sa wa namiji nono?

Ƙuraje: an ga alaƙa tsakaninsu da yawan shan madara a wasu mutane, ba kowa ba. Wanda ya lura fuskarsa ta ɓaci ya dakata wata guda ya gani. Nonon maza kuwa, babu hujjar cewa kofi biyu ko uku a rana suna jawo shi. Abin da aka fi gani kitse ne ya taru a ƙirji saboda an ci fiye da kima, ko kuma allurar ƙara ƙwanji da wasu ke yi a ɓoye.

Su wa ya kamata su yi hattara?

Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likitansa. Mai lafiyayyar ƙoda kuwa adadin da aka ambata a sama ba ya cutar da shi. Mai ciwon sukari ya sa laktos a lissafinsa, ya guji masu zaƙi. Wanda aka ce kitsen jininsa ya hau ya koma kan wadda aka cire wa kitse.

Sai magunguna. Kalsiyam yana kama wasu ƙwayoyi a ciki ya hana su shiga jini, musamman ciprofloxacin da ake yawan bayarwa don taifot, da tetracycline, da ƙwayar ƙarin jini. Kada a haɗiye su da madara ko nono. A bar tazarar aƙalla awa biyu, a kuma tambayi wanda ya ba da maganin.

Nonon akuya, na raƙumi, ko madarar waken suya?

Na akuya kusan ɗaya yake da na shanu a furotin, kuma shi ma yana da laktos. Na raƙumi, wanda ake sha a Agadas da kewayenta, furotin ɗinsa bai wuce na shanu ba. Tsadarsa a birane ba ta tsoka ba ce, kuma shi ma a dafa shi. Na tumaki ne ya fi su duka kauri, furotin ɗinsa ya kusa ninka na shanu, sai dai samunsa. Cukun da ake busarwa a Nijar furotin ne a dunƙule, yana kuma daɗewa bai lalace ba.

Madarar waken suya ita kaɗai ce cikin na tsirrai da ta kusa kamo ta shanu, gram 7 zuwa 8 a kofi idan ba a tsinka ta ba, kuma babu laktos. Kunun aya da madarar kwakwa suna da daɗi, amma furotin ɗinsu kaɗan ne.

Idan ba ni da kuɗin madara kullum, shi kenan ba zan gina jiki ba?

Za ka gina. Babu wani abu a madara da ba a samu a wani abincin. Busasshen wake yana da furotin gram 23 zuwa 24 a gram 100, gyaɗa 25 da kalori fiye da 550, waken suya wajen 36. Awara, ƙuli-ƙuli, alale, ɗanwake da ƙwai, busasshen kifi a miya, fara idan lokacinta ya yi: duk waɗannan suna cike giɓin da madara ke cikewa. Furotin ɗin tsirrai bai kai na madara inganci ba idan shi kaɗai ne, amma haɗa hatsi da wake, da ɗan ƙara yawan abin da ake ci, yana rufe bambancin.

Idan kuɗin na kofi ɗaya ne a rana, a sha shi da karin safe, domin a yawancin gidajenmu nan ne furotin ya fi ƙaranci: koko ko shayi da burodi, sai a jira rana. Kofin madara da ƙwai biyu a kan wannan karin sun kai shi gram 20 da ɗoriya.